Takardar Izini da Lasifikar Ƙonni

A Birnin Ƙonni, mai biki da ke son tare titi da kujeru da lasifika yakan je ma'aikatar magajin gari neman takardar izini. Takardar dai tana da hatimi da kwanan wata. Abin da ba ta da shi kunne ne. DJ mai sa kiɗa kuwa ba ya karanta takarda, maɓallin ƙara kaɗai ya sani, kuma hannu ɗaya yake murɗa shi: sama.

Dokar da aka gada daga Faransa ta hana hayaniyar dare, amma wa zai kai ƙara? Maƙwabcin da gilashin tagarsa ke karkarwa, ɗiyarsa ce a tsakiyar fili tana juyi, kuma wata mai zuwa shi ma zai aurar. Sai ya yi shiru, ya tura yaro ya karɓo masa tuwon biki.

Ko an kashe kiɗan, manyan motocin da ke ɗauko siminti daga Malbaza da albasa daga Galmi suna bin babbar hanya dare da rana, oda a bakinsu, ba wanda ya tambaye su izini. Ga kabu-kabu masu zirga-zirga zuwa Illela ta Najeriya.

Alƙalin da kowa ke yi wa biyayya shi ne ɗaukewar wuta. Minti biyu unguwa ta huta, sannan wani ƙanin ango ya ja igiyar janareto.