Bango na kuka, maigida na sayen kalanda

Akwai wata baiwa da Allah ya yi wa magidantan Kona, da 'yan'uwansu na Tasawa da Mayahi, wadda har yau ba a ba su lambar yabo a kanta ba: hancinsu yakan tafi hutu tun daga watan Yuli, ba ya dawowa bakin aiki sai an gama ɗaurin gero. A tsakanin nan ɗaki zai yi ta tashin warin danshi, tabarmar ƙarƙashin gado ta fitar da farin gashi, takalmin Sallah ya koma kore, littattafan 'yan lakwal su manne da juna, amma maigida zai shigo ya ja numfashi har ƙasan huhu ya ce, "Kai, bana damina ta yi albarka." Baƙon da ya zo daga Maraɗi tun daga zaure yake jin warin, sai dai ba a shiga gidan mutum a ce masa ɗakinsa na wari. Uwargida ta fi kowa sani, don ita ke wuni a ciki, to amma da ta faɗa sau biyu aka ce ta cika mita. Ta haka funfuna ta zama 'yar gida, ba ta biyan haya, ba mai tambayar ta ranar tafiya.

Ba wai ba a yi mata magani ba ne. Ana yi, hawa-hawa ma kuwa. Da farko turaren wuta: a zuba garwashi a kasko, a barbaɗa, a rufe ƙofa da taga, har hayaƙi da danshi su haɗu su haifi wani wari na uku da ba a raɗa wa suna ba tukuna. In baƙin tabo ya fito a bango, a nemo kalanda a manna. In ya faɗaɗa, a ƙara da hoton ɗan takara. Akwai ɗakunan da har gobe hotunan zaɓen 2020 ne ke rufa musu asiri. Mutumin ya faɗi zaɓe tuni, amma yana nan yana yi wa talaka hidima dare da rana. A ɗakin amarya abin ya fi tsari, don akan lulluɓe bangon da leda mai furanni daga sama har ƙasa, a jingina masa kabad, a jera kwanoni, ta yadda ko gona ce ta tsiro a baya ba wanda zai gani. Sai daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, a sauko da kwanonin jere ɗaya bayan ɗaya ana tarar ɗigo, maigida na tsaye da tocila yana ba da umarni: "Ke, ja gadon nan! Kai, miƙo waccan robar!" Kafin asuba gado ya zaga kusurwa huɗu. Rana na fitowa kuma an manta, sai hadari na gaba.

Hujjata ita ce, duk wannan ɗawainiya faɗa ne da ɗan aike, alhali mai aiken yana nan zaune. Funfuna ba ta tsira a busasshen wuri. Ƙwayoyinta kullum suna yawo a iska, a gidan sarki da na talaka, abin da kawai suke jira shi ne wuri ya jiƙe ya kwana ɗaya ko biyu bai bushe ba. Duk inda ka gan ta, ruwa ne ya riga ta isa, ruwa kuwa ba ya shiga ɗaki sai ya sami hanya. Ko dai daɓen soro ya tsage, ko indararo ya toshe da ganye da sheƙar tsuntsu ruwa ya kwanta a sama, ko indararon ya karye ya koma zuba a jikin bango, ko kuma ruwan tsakar gida da na makewayi ya taru a gindin gini yana hawa a hankali, yana barin farin gishiri da ɓarɓashin ƙasa. A ɗakin kwano, ƙusa ce ta yi tsatsa ta buɗe baki, ko kuwa mutum shida ne ke numfashi a ɗaki mai taga ɗaya, ita ma an cusa mata tsumma saboda sauro. Wanda ya kankare tabo ya bar wa ruwa hanyarsa, hannunsa kawai ya wahalar. Mai watsa wa bangon laka ruwan jabel kuma ya fi shi ban tausayi, don ya sayo ruwa da kuɗinsa ya ƙara wa bangon da ruwa ke kashewa.

To yaushe hannun maigida ya isa, yaushe ne sai an kira mai sana'ar? Hukumar kare muhalli ta Amurka, ƙasar da ake da kamfanonin da ba su da aiki sai cire funfuna, ta ba da ma'auni mai sauƙi: in wurin bai kai kusan murabba'in mita ɗaya ba, mai gida na iya yi da kansa. A awonmu, ka ce faɗin dardumar salla da ɗan ƙari. In bai kai haka ba, ka kuma gano inda ruwan ya biyo ka toshe, to a fitar da kaya rana, a buɗe taga, a goge, a bar wurin ya bushe sarai, shi ke nan. Amma in ka goge ya dawo a gurbinsa, ruwan na cikin bango ne. In wari na tashi ido bai ga komai ba, abin na bayan leda ko cikin rufi. In ka ƙwanƙwasa yaɓe ka ji yana amsawa fayau, ya rabu da ginin. In ka soka wa azara tsinin wuƙa ta shige ba gardama, ko gari ya zubo maka a ka, to danshi ya gayyato gara, sun riga sun raba gado. In tsaga ta fara karɓar yatsa, ko gindin bango ya rame ya fi samansa siranta, maganar ta wuce tsintsiya da tsumma. In kuwa rufi ya yi ciki, ba a ma jiran magini: a kwashe yara a kwana a wani ɗaki tun daren nan. A Kona ba mu da masu fararen riguna da takunkumi da injin busar da ɗaki. Ƙwararrenmu shi ne magini, wanda ya san laka da azara da halin ruwa.

Ƙwararre na biyu yana asibiti, shi ma ba a zuwa wurinsa sai abu ya ci tura. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora guda a kan danshi da funfuna a cikin gidaje, ta nuna cewa mazauna irin waɗannan ɗakuna sun fi fama da tari, da toshewar hanci, da shaƙewar ƙirji, da tashin asma. Mu kuma muna da namu bayanin da ya fi sauƙin haddacewa. Jariri na tari, haƙori yake fitarwa. Babba na tari, sanyi ne ya shige shi. Yaro ya je gidan kakarsa ya yi mako tari ya lafa, ya dawo gida ya tashi, sai a ce ai hannun tsohuwa ne mai albarka, ba mai tunanin cewa ɗakin tsohuwa ne busasshe. Wannan hali na a goge a ci gaba har cikin buhun gyaɗa yake bin mu. Gyaɗar da ta sha danshi ta yi funfuna, sai a wanke, a shanya, a ce wuta za ta kashe komai in an soya ƙuli-ƙuli. Gubar da ke cikinta, wadda masana ke kira afalatoksin, ba ta jin tsoron kasko, kuma hanta take ci. An gano ta ne bayan da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa da gyaɗa, a 2004 kuma gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya.

Na san abin da za a ce a fada, ana jiran shayi na biyu. Za a ce wannan surutun mutanen bakin teku ne. Legas tana samun sama da milimita 1,500 na ruwa a shekara, mu a ƙasar Tasawa yawancin shekaru tsakanin 400 da 600 muke, ga hunturu na zuwa ya busar da komai kyauta. Lissafin gaskiya ne, sai dai an manta cewa namu ruwan ba a shekara yake rabuwa ba, cikin wata uku yake zuba, mafi yawansa ma a Yuli da Agusta, kuma a kan laka yake sauka. Hunturu na busar da fuskar bango, amma ba ya mayar da ƙasar da ta zube, ba ya kuma ɗinke azarar da ta ruɓe. A nan raha ta ɗan tsaya. Daminar 2024 ta yi ajalin kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma da yawa daga cikin mamatan ɗaki ne ya faɗo musu. A farkon Satumbar shekarar tsohon masallacin laka na Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Har buɗe makarantu sai da aka ɗage zuwa 28 ga Oktoba. Ba kowane gida ne gyara zai cetar daga irin wannan ruwa ba, amma bangon da ya shiga damina da ramammen gindi shi ne farkon durƙusawa. Mai cewa ƙaddara ce bai yi ƙarya ba, sai dai shi ɗin ne kuma ke kulle akuyarsa kowane dare.

Wani dattijo zai ce kakanninmu a laka suka rayu suka mutu ba su san wani ƙwararre ba. Sun san shi mana, har sarauta suka yi masa, ita ce ta Sarkin Magina. Abin da ba su sani ba shi ne a yi gini a juya masa baya shekara goma. Kowane rani sai an hau soro an duba, an cike tsaga, an sake yaɓe, an tayar da gindin bango. Maginan ƙasar Hausa suna da makuba ta kwasfar ɗorawa, suna da laso da ake haɗawa da katsin marina, duk don ruwa ya zame ya wuce. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 laka ce, a Jenne ta ƙasar Mali kuma gari guda ke fitowa kowace shekara ya yaɓe masallaci. Mu abin da muka gada laka ce, yaɓen muka bar musu. Muka kuma ƙara da wata dabara ta zamani: ɗa ya tafi cin rani Libiya ko Aljeriya ya aiko da kuɗi, sai a shafe fuskar gidan laka da siminti, a yi fenti shuɗi don masu wucewa su san an samu. Siminti ba ya kama laka da kyau. Yana tsagewa siriri, ruwa ya shiga ta nan ya rasa ta inda zai fita, bangon ya yi ta narkewa a ciki yana sheƙi a waje, har ranar da shafen zai ɓallo gaba ɗaya.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta aljihu, kuma ba ta abin dariya ba ce. Agusta wata ne da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, wanda ke auna tiya don tuwon dare ba za a ce masa ya ɗauko magini ba. Na yarda. Amma wa ya ce a Agusta ake kiran magini? A lokacin laka ma ba ta bushewa, shi kansa maginin yana gona. Lokacin gyara daga Nuwamba ne zuwa Mayu, wata bakwai cur, kuma farkonsu ne kuɗin wake da gyaɗa ke shigowa. Sai dai a watannin nan kuɗi na da wasu iyayengiji: ga biki, ga suna, ga sabuwar waya, ga babur, ga kuma tunanin cewa uwargida na bukatar mataimakiya, wadda za a kawo a saka a ɗakin da ke yoyo. Kuɗin cike tsaga da sauya indararo ba ya kama ƙafar kuɗin tayar da sabon ɗaki daga tushe. Wanda kuma ba shi da shi da gaske, gwauruwa ko tsoho, ai don irinsu aka san gayya. Samarin da ke iya kwana suna warware rikicin Rasha da Amurka a gindin butar shayi ba za su kasa kwaɓa laka na yini ɗaya ba.

Saura ƙorafin cewa maginan ma ba duka ne na Allah ba. Wannan haka yake, don yanzu duk yaron da ya taɓa miƙa bulo wata biyu a Maraɗi ya dawo da cokalin gini da sunan injiniya. Gane su ba wuya. Na bogi yana shigowa ɗaki zai kalli tabo ya tambaye ka kalar fentin da kake so. Na gaske ba ya ma fara shiga ɗaki: zai zaga bayan gida, ya duba inda ruwa ke kwanciya, ya nemi tsani ya hau sama, ya zura hannu cikin indararo, sannan ya sauko ya gaya maka maganar da ba ka son ji. In ya ce azara uku sai an sauya, kada ka kira ƙanin matarka ya zo ya ba da nasa ra'ayin.

Don haka, magidanta, da zarar an kai amfanin gona gida a aika yaro ya kira magini, tun kafin layi ya yi tsawo. In ya gama kuma a biya shi a ranar, don rabin dalilin da ya sa magina ke jan ƙafa shi ne kuɗin aikin bara, wanda har yanzu ake ce musu sai an sayar da wake.