Zuwa Ga Bawana Na Nguru, Mai Tinƙaho Da Tasha

Gaisuwa daga Azare zuwa ga bawana Babarbare, mazaunin Nguru, inda layin dogo ya gaji ya tsaya. Ina gaida iyali, da sauran Mangawan da ke zaune a gindin tasha suna kasa kunne ko za su ji kukan jirgi.

Labari ya iso mini cewa har yanzu kana shiga taro kana kiran mu ƙauyawa, wai Katagumawa ba su san jirgin ƙasa ba sai a littafin firamare. To, na ji. Dogo bai taɓa biyowa ta Azare ba. Ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, da aka tashi shimfiɗa na Borno kuma aka bi da shi ta Bauchi da Gombe, ya shiga Maiduguri a 1964. Wani ta arewa, wani ta kudu, mu aka tsallake mu a tsakiya. Amma tunda kai ka tono zancen, gyara zama in biya maka tarihin garinku, don na san Babarbare ba ya riƙe tarihi sai wanda ya yi masa daɗi.

Kafin jirgi kuna da abin faɗa, ba zan hana ku ba. Nguru ce mazaunin Galadiman Borno, wanda aka damƙa wa tsaron yammacin daula. Tsaro kuwa mun gan shi! Malam Zaki ya karɓo tuta daga wurin Shehu Usmanu, ya kafa masarautar Katagum wajen 1809, ya nausa gabas har ya shiga Birnin Gazargamu, fadar Mai ɗungurungum. Ba don Shehu Laminu ya kawo muku ɗauki ba, da yanzu kai ke ba dokina ciyawa. Sarautar da Malam Zaki ya riƙe ma sunanta Sarkin Borno. Ka ga ke nan in na kira ka bawana, ba ƙage na yi maka ba.

Sai maganar jirgi. Kana tsammanin Bature ya ja ƙarfe fiye da kilomita 200 daga Kano, ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, don ya zo ya kalli zanen fuskarka? Gyaɗa ya biyo, da ƙaro, da fata da ƙirgi, da shanu. Shanun kuma na wa? Kai dai ka san Bamange bai taɓa kwana a daji saboda saniya ba. Mu muka yi kiwo, muka koro su har bakin tarago, ku kuna kan benci kuna ƙirga wa mutane dukiya. Da tasha ta kafu sai kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna da sikeli, Kwara suka zo awon gyaɗa, Kanawa suka zo fatauci, Yarbawa da Ibo suka zo aikin reluwe da tireda, Buzaye suka gangaro daga Nijar da raƙumansu. Aka yi mayanka, daga baya aka kafa kamfanin matsar man gyaɗa. Wannan taron baƙi shi ne yawan da kake fariya da shi. Shiga kasuwar Nguru ka saurara: da Hausa ake ciniki, kai ma da ita kake taya kaya, kana mayar da mace namiji, namiji mace, mai tumatir tana dariya a ɓoye.

Mu zo kan lissafi, tunda shi ba ya jin Barbarci. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Nguru ta tashi da mutum dubu 150 da 'yan kai. Ƙaramar hukumar Katagum, wadda Azare ce hedkwatarta, ta tashi da kusan dubu 296. Saura ƙiris mu ninka ku, mu da ko guntun ƙarfen dogo ba a taɓa dasa mana ba.

Yadda aka yi kuwa ba ɓoyayye ba ne. Farin 1973 ya gigita noma, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, gwamnati ta ɗanɗani kuɗin man fetur ta juya wa dalar gyaɗa baya. Reluwe ta shiga taɓarɓarewa, manyan motoci suka kwashe lodi. Mota kuwa kwalta take bi, kuma babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ƙofar gidanmu ta ratsa kafin ta wuce Potiskum. Danginka na Yerwa ma, in za su Kano, a Azare suke tsayawa su yi salla su ci tsire.

Na san abin da ke bakinka: tsohon garin Katagum. Faɗi, ba na jin kunya. Lokacin da Bature Clapperton ya sauka can a farkon 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, ya ƙiyasta mutanen garin tsakanin 7,000 da 8,000, ya kuma yaba ƙarfin ganuwarsa. A 1916 aka ɗauke fadar aka dawo da ita Azare, Katagum ta koma gefe, yau hedkwatar ƙaramar hukumar Zaki ce. Wato mu ma mun ga yadda hanya ke yi wa gari. Sai dai Bafulatani in ciyawa ta ƙare ba ya zama yana ba ta labarin damina. Kaɗa shanunsa yake ya yi gaba. Kai kuwa ka shimfiɗa tabarma a inuwar tasha, duk baƙon da ya zo sai ka ja shi ka nuna masa inda ake sayar da tikiti a zamanin kakanka.

Abu ɗaya zan sallama muku, shi ne ruwa. Fadamar Hadeja da Nguru ta shiga jerin dausayin da duniya ke karewa tun shekarar 2000, tsuntsaye na tasowa daga Turai su yi hunturu a tafkinku. Su dai ba sa saɓa lokaci, ba kuma a taɓa cewa injinsu ya mutu a Birniwa ba. Kifinku ma ba laifi, in ciyawar kacalla ta bar masunta sun jefa koma.

Don haka cika-ciki na tafe, kuma ka san al'ada. Kuɗin shara na bara ba su iso ba, na bana kuma ba ragi. Ka haɗa su da kwali guda na bandar kifi, mai kyau, ba irin wadda kuke ba surukai ba. Ka ba direban motar Hadeja, shi zai san yadda za ta iso Azare.