Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Sabon Tsarin da Ya Hau Kwamfutata

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga mai mulki, ina fatan ka kwana lafiya, tunda ni dai ban runtsa ba. Daren jiya masu wuta sun yi mana karamci, na zauna ina buga tambayoyin jarrabawar ɗalibai, sai kibiyar linzami ta tsaya cak a tsakiyar allo. Na girgiza linzamin, shiru. Na haɗa Ctrl da Alt da Delete, shiru. Na taɓa Caps Lock in ga ko 'yar fitilarsa za ta kama, don masu gyara sun ce in ta kama da sauran rai. Ba ta kama ba. Fanka kaɗai ke huci, agogon kusurwa kuwa ya ƙi motsawa daga mintin da ka ga dama ka sandare.

Allah ya ba ka nasara, ba ni na je neman ka ba. Kai ka yi ta aiko da saƙo safe da yamma cewa tsohon tsari ya kusa ritaya, za a daina ba shi kariya. Ka shanye mini data gigabait bayan gigabait, kana gargaɗina kada in kashe kwamfuta, a garin da wuta ba ta sallama in za ta tafi. Duk na yafe. Na yafe firintar da ka ce ba ka san ta ba, na yafe saitunan da ka kwashe ka ɓoye.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shirun nan naka. Wanda ka gada, in zai faɗi, yakan mayar da allo shuɗi ya rubuta lambar ciwonsa, mutum ya ɗauki hoto da waya ya kai wa mai gyara. Kai ba ka cewa uffan, kuma ba ka da lokaci. Wata rana sai ana kallon bidiyo, wata rana ba wanda ya taɓa ka. Na ɗauke ka har Farm Centre, ka wuni a teburin mai gyara kana aiki lafiya lau, yaron ya miƙo mini kai yana cewa, "Malam, ai wannan ƙalau take." Na biya kuɗin dubawa, na biya kuɗin Adaidaita, muna isa gida ka ƙame.

To, na buɗe kundin nan da kake rubuta duk abin da ya faru a cikinka, ina cewa a nan zan ga sunan mai laifi. Na tarar da jan tambari, kuskure mai tsanani, lamba 41: wai an sake kunna na'ura ba tare da an kashe ta bisa ƙa'ida ba. Wato ni ke nan. Ni da na danne maɓallin wuta har ta mutu don ba ka bar mini wata hanya ba, ni ne abin da ka ga ya cancanci shiga tarihi! Sandarewar da ta jawo haka fa? Ko layi ɗaya babu. Kai ka suma, ka farfaɗo, ka shigar da ƙarar wanda ya yayyafa maka ruwa. Wane irin rashin kunya ne wannan?

Saboda kai na zama ɗan sandan ciki a gidana. Na bar MemTest86 ta kwana tana tatsar RAM, ta fito ba tabo. Na sa an kwance bayan kwamfutar an hure ƙurar hunturu daga fanka, ko zafi ne. Na duba lafiyar faifan ajiya. Na kashe wannan dabara taka ta saurin tashi, wadda ashe in na ce ka mutu ba mutuwa kake ba, likimo kake yi, ka tashi da ciwon jiya a jikinka. Sai da na kunna ka a yanayin nan na kariya, inda ba ka loda komai sai abin da ya zama dole, sannan ka zauna lafiya. Ma'ana rigimar tana tsakaninka da direbobi, ƙananan manhajojin da ke yi maka tafinta da allon hoto da na'urar sauti da ta intanet. Ka zo kamar sabon hakimi, ka tarar da tsofaffin dogarai ba sa jin yarenka, maimakon ka faɗi wanne ne ya ƙi bin umarni sai ka rufe fada da kowa a ciki. Yanzu ni ke cire su ɗaya bayan ɗaya, in sa sabo, in zauna jiran ko za ka sake. Gwajin da ba a sanin an ci sai an ga ba a faɗi ba.

Na san halin danginku. Ranar 19 ga Yulin 2024 sabuntawa guda daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka rikice. Amma ko a wannan an gano mai laifi a ranar, aka ce a goge fayil ɗaya. Ni wa zan goge?

Ka kuma ba da wa'adin kwana 10 ga mai son komawa tsohon tsari, ka yi lumui har ya cika, ka share tsofaffin fayilolin, sannan ka fito da halinka. Wannan wayon a ina ka koyo shi?

Buƙatata ɗaya ce: in za ka sake sandarewa, ka rubuta sunan direban da ya shaƙe ka kafin ka tafi. In kuma hakan ya fi ƙarfin sarautarka, ka sani akwai filasha a aljihun rigata ɗauke da Linux Mint, kuma ranar Asabar ba ni da aiki.

Naka ba da son ransa ba,
Mai danna Ctrl da S bayan kowane layi.