Risala a Kan Sirof ɗin Wardi, Rukunansa da Abubuwan da Ke Ɓata Shi

Ka sani, ya mai neman fahimta, sirof ɗin wardi shi ne ruwan da aka narkar da sukari a cikinsa, aka tsare ƙamshin fure a ciki har ya rasa hanyar fita. Ambaton sukari ya fitar da tsantsar ruwan wardi da ake tatsa da tururi, irin na Ɗa'ifa da ake haɗawa da Zamzam wajen wankin Ka'aba. Ambaton fure kuwa ya fitar da jan ruwan da bai taɓa ratsa lambu ba.

Rukunansa uku ne: fure da sukari da ruwa. Wasu sun ƙara da haƙuri, amma magana mafi rinjaye ita ce haƙuri sharaɗi ne, domin ba ya shiga tukunya.

Fure kashi biyu ne. Na farko mai ƙamshi, shugabansu wardin Dimashƙa, wanda ake nomawa a Ɗa'ifa da yankin Kashan na Iran da kwarin Kazanlak na Bulgeriya. Da sassafe ake tsinkarsa, don zafin rana yana kore man ƙamshin. Na biyu furen kanti da ake miƙa wa amarya: ga kyau, ƙamshi kaɗan, galibi kuma an yi masa feshin maganin ƙwari. Wannan bai inganta a dafa shi ba, ko da wanda ya kawo shi masoyin gaskiya ne.

Siffar aikin ita ce:

1. A cire farin gindin kowane ganyen fure, a nan ɗaci yake.
2. A narkar da kofi 1 na sukari a kofi 1 na ruwa a kan wuta. Inda wutar firiji ba ta cika alkawari, a ninka sukarin.
3. A sauke, a zuba kofi 2 na ɗanyen fure, a rufe.
4. In ya huce a tace, ba tare da an matse furen matsar ƙiyayya ba.

A kan mataki na uku ne masana suka rabu. Masu tafasawa sun kafa hujja da cewa gida kan cika da ƙamshi. Masu jiƙo suka ce ai wannan hujja ce a kanku, domin ƙamshin da maƙwabci ya shaƙa ya riga ya fita daga mallakar mai tukunya. Mu muna tare da masu jiƙo.

Idan ruwan ya fito da launi gurɓatacce, kada a yi baƙin ciki. A ɗiga lemun tsami: sinadarin launin fure yana ja idan ya gamu da tsami, nan take sai ya washe.

In aka ce: me ya raba shi da zoborodo, alhali duka ja ne? Sai mu ce: zoborodo harshe yake fara yi wa sallama, wardi kuwa hanci. Ya halatta a ari launi wurin zoborodo, da sharaɗin kada baƙo ya zama mai gida.

In aka ce: ai Hakim Abdul Majid ya hutar da mutane tun 1907 da ya haɗa sirof ɗin Rooh Afza a Delhi. Sai mu ce: wancan taron ganyayyaki ne da 'ya'yan itace, wardi mutum ɗaya ne a cikin jama'a, kuma hukuncin jama'a ba ya hawa kan ɗaya.

In aka ce: na sha, na ji kamar sabulu. Sai mu tambayi mai maganar cokali nawa ya zuba. Haddinsa a kofin madara mai sanyi cokali 1 ne zuwa 2. Wanda ya kai 4 ya bar babin abin sha ya shiga babin turare, sai ya nemi hukuncinsa a can.

Saura mas'alar cokalin da aka juya tukunya da shi. Jamhuru sun ba mai dafawa haƙƙin lasa, wasu sun ba autan gida bisa al'ada. Idan mai dafawa ita ce autar, saɓani ya faɗi.