Shan Iska a Kan Babur

Wai a Turai mutum sai ya ajiye babur duk tsawon hunturu, yana jiran rana ta fito ya hau, ya bi hanyar duwatsu don kallo kawai. Allah Sarki! Da zai zo Kano a watan Afrilu, da ya sami ranar da yake nema har da gyara.

Malam, fito ta Ƙofar Dawanau da azahar, ka kama titin Katsina ka ga shan iska. Zafi ya haura digiri 40, kujerar babur na gasa ka ta ƙasa, iskar da ke dukan fuskarka kamar an buɗe murhun mai burodi. Abin kallo kuwa, ga bayan tirela maƙare da buhunan riɗi da wake za ta Kasuwar Dawanau, ga hayaƙi, ga ɗan A Daidaita Sahu da ya tsaya cak ba sigina. Tun da aka hana acaɓa a 2013, su ne sarakunan titi.

Ka isa Bichi, gemu ya yi fari da ƙura, har yara na ce maka Baba. In dai yawon kallo kake so, jira damina.