Zuwa ga Taubashina, Janar na Sojojin Facebook

Taubashi, bawan gidanmu, an ce ka samu muƙami. Wai yanzu kai ne shugaban 'yan soshiyal midiya na wani ɗan takara, kuma zaɓen 2027 a aljihunka yake. Barka! Ni dai na san aljihun nan, ba komai ciki sai caja ɗaure da kyauro.

Bari in tuna maka zaɓen gwamnan Jigawa na 18 ga Maris 2023. Wata guda ka tare a shagon mai caji a Miga, kana liƙa hoton gwaninka, kana zagin mutanen da ba su ma san kana yi ba. Har kirari ka yi wa kanka, wai jama'a sun cika shafinka. Da na leƙa, sai 'yan ci-rani a Legas da yaran da ko shekarun yankar katin zaɓe ba su kai ba.

Ranar zaɓe ka iso da azahar, hula a karkace, ka tsaya ɗaukar hoton layi. Sai da aka zo kanka ka tuna katinka yana cikin wata riga a Dutse. Ita kuwa na'urar BVAS ba ruwanta da yawan mabiya. Kati take so, da yatsa ko fuska. Umar Namadi ya samu ƙuri'a 618,449, Mustapha Sule Lamido 368,726. Ka haɗa, ka raba, ka juya yadda kake so, taka ba ta ciki.

Gwaggo kuwa, wadda ta haife ka, wayarta ko hoto ba ta ɗauka, amma tun da hantsi ta dangwala ta koma gida ta ɗora tukunya. Wa ya fito da ita? Shugabar mata ta mazaɓa, wadda ta bi su ɗaki ɗaki, gidan suna da gidan biki, ta zauna a tabarma ta saurari kukan ambaliyar 2022 da tsadar taki. Da safe ta turo mai babur ya kwashi tsofaffi. Ban ce babu taliya da sabulu a tafiyar ba, kar ka ce na yi ƙarya. Amma irin wannan zirga-zirga ce ta sa a zaɓen shugaban ƙasa Jigawa ta fitar da wajen kashi 40 na masu rajista, alhali ƙasa baki ɗaya ta tsaya a kashi 27.

In wayar ce ba ka iya rabuwa da ita, yi saƙon murya a WhatsApp, ka faɗi ranar da rumfar. Wannan ko mutanen Hantsu da Tsakuwawa za su saurara a majalisa, su tura wa na gaba. Dogon Turancin nan naka kuwa, kai kanka sai ka maimaita kake ganewa.

Kuɗin shararka na bana suna hannuna. Zo da katin in gan shi da idona, in ba haka ba Gwaggo zan ba.