Shahadar Maleji

Malaman fiƙihu sun gindaya wa mai ba da shaida sharuɗɗa, cewa ya kasance baligi, mai hankali, adali wanda ba a san shi da ƙarya ba. Amma da za a gurfanar da malejin tsofaffin baburan da ke kai da komowa tsakanin unguwanninmu na Aboabo da Asawase da Alabar gaban alƙali, ina kyautata zaton balaga kaɗai za a same shi da ita, domin waɗansunsu sun girmi masu hawansu nesa ba kusa ba.

Asalin illar kuwa tsawon isnadi ne. Tayar gaba ita ke ba ɗan giyan da ke gindinta labari, giya ya murza waya, waya ta juya maganaɗisu, maganaɗisu ya ja wani ɗan kofin alminiyom, shi kuma ya kaɗa allura, alhali wani siririn sifirin yana riƙe da ita don kada ta ƙetare haddi. To, idan shekaru suka tura, in sifirin ya saki sai allura ta yi ƙari, in maganaɗisu ya raunana ta yi ragi, in kuwa waya ta bushe don rashin giris, sai ta shiga karkarwa tsakanin 20 da 80, ta bar wa mai babur ya zaɓi riwayar da ta fi kwanta masa a rai. Balle a ce an leƙa wajen makanikai a Magazin ta Suame an ɗaura tayar da ba girman ta asali ba, saboda ita ce mai rahusa. Hatta sabon babur ma, ƙa'idar Turai ta yarje masa ƙarin kashi 10 cikin ɗari da kilomita 4 a kai, ragi kawai ta haramta masa, wato tun daga masana'anta aka yi masa tarbiyyar kambama ubangidansa.

Da mutanenmu sun ɗauki wannan aibi ne, da tuni bakanike ya kawar da shi. Amma mutumin da ya sayi madubi huɗu da oda mai kukan babbar mota, ya lulluɓe tanki da sitika, in ka ambata masa wayar maleji sai ya dube ka duban wanda ya nemi raba shi da amininsa. Dalili kuwa yana majalisar ataya bayan lisha, inda saurayi zai rantse da girman Allah cewa ya ƙure maleji daga Techiman, tafiyar kilomita wajen 120, ya iso Zango cikin minti arba'in, da rago ɗaure a baya, har ma ya tsaya Offinso ya ci tuwo. Ba mai ƙaryata shi, don kowa yana da tasa ƙissar tana jiran layi.

Dattawa su ma ba a bar su a baya ba. Akwai wanda malejinsa da mil yake lissafi, yana ganin 40 sai ya sakankance bai kai kilomita 50 da doka ta iyakance cikin gari ba, alhali 64 yake zubawa. Wani kuma allurarsa ta kwanta a kan sifiri tun zamanin da Ghana ta koma tuƙi ta hannun dama a 1974, ɗan sanda na tsai da shi sai ya nuna masa, ya ce, "Haba ɗana, dubi da idonka, ni da ko motsi ban yi ba!"

Ban ga laifin ƙarfe ba, domin ya tarar da mu a haka. Mu ne aka sauya mana kuɗi tun 2007, amma har gobe Sidi 100 miliyan guda muke kiransa, musamman ranar da ake faɗin abin da aka kashe a biki. Cikinmu ne kuma ake samun mai cewa "ga ni nan a Kejetia" alhali yanzu ya shiga makewayi da bokiti.

Saboda haka hukuncina shi ne shahadar maleji ba ta karɓuwa. Wanda duk ya zo muku da labarin minti arba'in, jama'a, ku nemi wanda ya goya a baya ku tambaye shi.